Lafiyar Iyali: In Jijiya Ta Fashe a Ƙwaƙwalwa

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiyar jini ta toshe, ko ta fashe jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Hawan jini, wanda muke kira tansiyon, shi ne babban sanadin fashewar, kuma muddin yana sama zubar na iya ƙaruwa a sa'o'in farko.

A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon binciken INTERACT3, kan majinyata fiye da 7,000 a ƙasashe 10, har da Najeriya. Waɗanda aka gaggauta sauke musu awon jini na sama zuwa ƙasa da 140, tare da kula da sukari da zazzaɓi, sun fi samun sauƙi bayan wata 6.

Sai dai wannan aikin likita ne. Binciken INTERACT4 na ƙasar Sin a 2024 ya nuna cewa sauke jini tun cikin motar asibiti ya amfani masu fashewar jijiya, amma ya cutar da masu toshewa. Hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke bambance su.

Don haka, jama'ar Poumpoumré, in baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a ɗura wa majinyaci ƙwaya ko ruwa, domin yana iya shaƙewa. A lura da lokacin da abin ya fara, a garzaya da shi asibitin yanki na Garwa nan take. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.