Iya Ruwa Fid Da Kai, Amma Wa Zai Koya Wa Yaran Potiskum?

Ran 21 ga watan Satumba na 1988, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, samari takwas suka jeru a bakin kwamin iyo don tseren mita 100 na wasannin Olamfik. Salon da za su yi shi ne wanda ake kira na malam-buɗe-littafi, watau mutum ya riƙa wurga hannuwansa biyu gaba a lokaci guda yana kaɗa ƙafafunsa a haɗe kamar wutsiyar kifi. Kowa ya sa ran Ba'amurke Matt Biondi ne zai ci, kuma shi ne a gaba har dab da bango. To, da ya zo ƙarshe sai ya miƙa hannu ya bar ruwa ya kai shi, wani yaro kuwa mai shekara 20, Anthony Nesty na ƙasar Surinam, ya ƙara wurgi ɗaya ya riga shi taɓawa. Agogo ya nuna Nesty sakan 53.00, Biondi 53.01. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma da ita Nesty ya zama baƙar fata na farko da ya ci lambar zinariya ta iyo a wasannin Olamfik.

Mai karatu da ke sayar da shanu a Oko-Oba ta Agege, ko mai tireda a Sabon Badun, yana iya cewa ina ruwan mutumin Potiskum da wannan labari, alhali garinsu ko babban kogi babu? Ruwansa kuwa yana nan, sai dai ba a ranar nasarar yake ba. Yana cikin abin da wannan bawan Allah ya yi da sauran rayuwarsa bayan tafi ya ƙare.

An haifi Nesty a tsibirin Trinidad cikin 1967, iyayensa suka koma Surinam yana jariri. Surinam ƙaramar ƙasa ce a Amurka ta Kudu wadda ta sami mulkin kai daga Holan cikin 1975, mutanenta a lokacin nasarar ba su kai rabin miliyan ba. Ya fara iyo yana ɗan shekara biyar, ya je Olamfik na 1984 ya zo na 21, daga nan aka kai shi makaranta a Jihar Florida ta Amurka inda ya sami gwanayen masu horarwa. Da ya komo gida da zinariya, ƙasarsa ba ta rage masa komai ba wajen girmamawa. An buga kan sarki don tunawa da nasarar, an buga takardar kuɗi, an sa wa babban zauren wasanni na Paramaribo sunansa, har wani jirgin sama na kamfanin ƙasar aka raɗa masa suna Anthony Nesty (jirgin nan ne ya faɗi kusa da Paramaribo cikin watan Yuni na 1989, mutum 176 suka halaka). Ya zama zakaran duniya cikin 1991, ya ci lambar tagulla a Olamfik na 1992, sa'an nan ya bar gasa bai cika shekara 25 ba. Haka rayuwar ɗan tseren ruwa take, gajeruwa ce ƙwarai, kafin gemu ya cika an gama.

Daga nan ne labarin ya yi daɗi ga mai neman darasi. Nesty ya gama karatu a Jami'ar Florida cikin 1994, ya koyar da iyo a makarantun sakandare, cikin 1998 jami'ar ta ɗauke shi mataimakin mai horarwa. Shekara ashirin cur zakaran duniya ya yi yana mataimaki, yana tsaye bakin kwami tun asuba da agogo a hannu, yana gyara wa 'ya'yan mutane wurgin hannu da shaƙar numfashi. Sai cikin 2018 aka ba shi shugabancin horar da maza, cikin 2021 aka haɗa masa da mata. Almajirinsa Bobby Finke ya ci zinariya biyu a Tokyo cikin 2021, Katie Ledecky wadda babu macen da ta kai ta a dogon tsere ta taso takanas ta koma hannunsa, kuma a wasannin Paris na 2024 shi ne babban mai horar da mazan Amurka, ƙasar da ya kayar da gwaninta a Seoul. Surinam fa? Har yanzu lambobin Olamfik ɗinta biyu ne rak, duka na Nesty. Bai yar da ƙasarsa ba, shi ya riƙe mata tuta a Beijing cikin 2008. Amma ita suna ta ba shi, Florida kuwa ta ba shi aiki da albashi da yara, don haka can ilminsa ya yi 'ya'ya.

Akwai wani labarin da ya fi kusa da gida. A Olamfik na Sydney cikin 2000, mutum uku aka jera a zagayen farko na tseren mita 100: Karim Bare na Jamhuriyar Nijar, da wani ɗan Tajikistan, da Eric Moussambani na Equatorial Guinea. Biyun farko suka yi gaggawar faɗawa ruwa kafin a ba da izni, aka fitar da su. Moussambani, wanda a ɗan kwamin wani hotal ya koyi iyo kuma bai taɓa ganin kwami mai tsawon mita 50 ba, ya yi tseren shi kaɗai, ya kai bango da kyar cikin minti 1 da sakan 52.72, fiye da ninki biyu na lokacin wanda ya ci zinariya. Duniya ta yi masa tafi haɗe da dariya. Cikin 2012 ƙasarsa ta naɗa shi mai horar da 'yan iyonta. Ko da wanda ya zo na ƙarshe ne, in an ba shi yara, ya fi zakaran da aka rataya wa lamba aka sallama amfani ga ƙasa.

Nijeriya ba ta taɓa cin lambar iyo a Olamfik ba, kuma a bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara a Ikko cikin 1973, jihohin bakin teku ne suka saba kwashe lambobin ruwa. Wannan ya sa wasu ke zaton Arewa ba ta da gwanayen ruwa. Wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ranar Kabanci ba zai faɗi haka ba. A bikin Argungu, wanda Hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya abin kiyayewa cikin 2016, ana tseren iyo da nutso da tseren kwalekwale da kamun agwagwar ruwa da hannu, kuma akwai Sarkawan da in sun nutse sai mai kallo ya fara salati kafin su ɓullo. A Jihar Yobe kanta, in aka bi hanyar Jakusko daga Potiskum, ga Badawa nan masu bikin kamun kifi a Gogaram, ga masuntan fadamun Nguru da na Gashuwa waɗanda suka tashi cikin ruwa tun suna rarrafe. Gwanaye kam akwai su. Abin da babu shi ne rayuwa ta biyu irin ta Nesty. Akan kira gwani gaban sarki da gwamna a ba shi kyauta, a buga hotonsa, gobe ya koma bakin komarsa. In ya tsufa, 'ya'yan gidansu kaɗai suka gaji abin da ya sani.

Yaron Potiskum kuwa a kududdufi yake saduwa da ruwa. Ramukan da aka haƙa don ƙasar gini sukan cika da damina, yara su sulale daga gida ko daga makaranta su faɗa, babu babba a kusa. In uba ya ji labari sai bulala, don tsoron nutsewa da tsoron tsargiya, kuma tsoron nan gaskiya ne. Amma bulala ba ta hana yaro komawa, iyakarta ta sa shi ya tafi a ɓoye. Wanda ya tsira ya girma bai iya komai ba sai fantsama a inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Shi ne kuma zai bi motar shanu daga babbar kasuwar garin zuwa Ikko ko Fatakwal ko Anaca, inda ruwa hanya ce ta yau da kullum. Duk mai zama Kurmi ya san ɗan'uwan da ke shiga jirgin ruwa a Ikorodu ko Apapa yana riƙe da bakin katako, ba ya ko son kallon gefe.

A gida ma ruwa ya daina zama labarin nesa. Cikin watan Nuwamba na 2021 jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Cikin watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci rabin Maiduguri, garin da ba wanda ya taɓa lissafa shi cikin garuruwan ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya cikin 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Babu mai cewa iya iyo zai ceci kowa. In jirgi ya kife da dare a tsakiyar tafkin Kainji, gwani ma sai Allah, kuma maganin wannan shi ne hana lodi fiye da kima da tilasta sa rigar ruwa. Amma da yawa a kusa da gaɓa suke mutuwa, tsakaninsu da tudu bai fi tsawon zaure biyu ba.

Za a ce gwamnatin da ba ta gama da asibiti da makaranta ba, ina ta ga kuɗin kwamin iyo? Wannan magana tana da ƙarfi in kwami irin na Seoul ake nufi. Ƙasar Bangladesh ta nuna wata hanya: a killace gefen tafkin ƙauye da itacen gora, a yi dandamali mara zurfi, a horar da saurayi ko budurwa daga ƙauyen su koya wa yara. Abin da ake nema ga yaro kaɗan ne, ya yi iyo mita 25, ya iya tsayawa bisa ruwa bai nutse ba, ya kuma san yadda ake miƙa wa wani sanda ko igiya daga tudu ba tare da ya faɗa ba. A Potiskum, saboda tsargiya, kwamin siminti mai ruwan rijiyar burtsatse ya fi dacewa da kududdufi, zurfinsa iyakar ƙirjin yaro. Batun sutura ma ba abin tsayawa ba ne, a kewaye wurin, a ware wa 'yan mata ranakunsu da malamai mata. Malamai sun daɗe suna ambaton umarnin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, dokin ne kawai aka riƙe.

Ginin shi ne mai sauƙi. Abin da ya fi wuya shi ne hukuma ta yarda cewa masuncin Gashuwa wanda bai yi boko ba malami ne, ta ɗauke shi aiki da albashin wata, ta haɗa shi da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Potiskum a koya masa yadda ake tafiyar da aji da taimakon gaggawa. A nan ne mazauna Kudu suke da baki. Ƙungiyoyin fataken shanu da na direbobi da na 'yan gari da ke Ikko da Badun sun saba tara kuɗi su gina masallaci ko aji a gida, kuma in wakilansu suka je gaisuwa fadar Mai Fika ko ta Mai Potiskum, ko ofishin Ƙaramar Hukuma, ana saurarensu. Su ɗauki nauyin kwami ɗaya a makarantar firamare ɗaya, bisa sharaɗin hukuma ta rubuta sunan malaman iyo biyu, namiji da mace, cikin takardar albashinta kafin a zuba buhun siminti na farko.