Lamba 666 da lambar ɗan ƙasa: saɓanin da bai kamata Abuja ta raina ba

Sura ta 13 ta Wahayin Yahaya, littafin ƙarshe a Littafi Mai Tsarki, ta siffanta wata dabba da za a tilasta wa mutane karɓar alamarta a hannun dama ko a goshi, wanda ya ƙi kuwa babu saye babu sayarwa gare shi. Lambarta 666. Kusan shekaru dubu biyu ke nan Kiristoci ba su yi ittifaƙi kan ko wace ce wannan dabba ba.

Masana da yawa suna ganin Nero ake nufi, sarkin Rum da ya gallaza wa Kiristoci bayan gobarar shekara ta 64, domin hisabin sunansa da haruffan Ibrananci 666 yake bayarwa. Wasu tsofaffin kwafi ma 616 suka rubuta, abin da Bishop Irenaeus ya ambata tun ƙarni na biyu, yana jan kunnen masu gaggawar kama suna. Martin Luther ya kira Fafaroma Magabcin Almasihu. Sai kuma fahimtar John Nelson Darby, wadda Baibul na Scofield ya yaɗa daga 1909, cewa dabbar wani mai mulkin duniya ne da ke tafe. Ita ce ta yi kaka-gida a majami'un Fentikos da yawa a Najeriya.

A Potiskum ta Jihar Yobe, inda Kiristoci tsiraru ne, wannan ba musun malamai ba ne kawai. A jajibirin Kirsimetin 2012 'yan bindiga sun kashe masu ibada a ƙauyen Peri da ke kusa da garin. Wanda ya binne ɗan'uwansa a irin wannan rana ba ya karanta littafin tsanani kamar tatsuniya. Garin kuma na kasuwa ne, kasuwar shanunsa na cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, don haka maganar hana ciniki maganar tuwo ce.

A nan gwamnati ta shigo ba tare da ta lura ba. BVN a 2014, umarnin haɗa NIN da layin waya a Disamba 2020, sai sharaɗin takardar rigakafin korona ko ta gwaji ga ma'aikatan tarayya daga 1 ga Disamba 2021. Duk da salo guda aka sanar da su: wanda bai yi ba, a rufe masa ƙofa. Mai wa'azin da ke neman hujja ba ya buƙatar fiye da haka. (Fasto Chris Oyakhilome, wanda ya danganta 5G da korona a 2020, bai ma jira wannan ba.)

Fassarar da ke mayar da kowace sabuwar lamba alamar dabba tana da rauni, an yi ta a kan katin banki da layukan farashin kaya, ta wuce. Amma talakan da ya gaskata ta shi ke asarar layinsa da asusunsa, ba faston ba.

Ba hurumin NIMC ba ne ta yanke hukunci tsakanin Nero da Darby. Huruminta ta zauna da shugabannin CAN na Yobe, ta bayyana da Hausa cewa lambar ɗan ƙasa alƙaluma 11 ce, ba a sa ta a jiki, ba a kuma neman mubaya'ar kowa. Barazana dai ba ta gaggauta aikin ba: wa'adin makonni biyu da aka fara bayarwa a 2020 sai da aka yi ta ɗage shi har Satumba 2024.