Wanda Ya Ci Ladan Kuturu: 'Yan Kwangilar Yaƙi Da Ta'asar Abu Ghraib

Yau ina so mu tattauna wata magana da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya, wato batun kamfanonin da gwamnatoci ke ba kwangilar aikin soja, da kuma wanda ya kamata a kama idan ma'aikatansu suka ci zarafin fursuna.

Mai karatu zai iya tuna hotunan nan da suka fito a watan Afrilun 2004 daga kurkukun Abu Ghraib, kimanin kilomita 30 yamma da Bagadaza. An ga mutane tsirara an jibga su kan juna, an ga ana tsorata wasu da karnuka, an ga wani an rufe masa kai an ɗora shi kan kwali da wayoyin lantarki a hannuwansa. Duniya ta yi Allah wadai, Amurka kuma ta gurfanar da sojojinta. An samu 11 da laifi. Charles Graner ya samu ɗaurin shekara 10, Lynndie England shekara 3, ita kuma Janis Karpinski aka rage mata girma daga Birgediya zuwa Kanar.

To amma ba sojoji ne kaɗai ke aiki a kurkukun ba. Akwai fararen hula da kamfanoni biyu suka kawo: CACI ya kawo masu tatsar bayanai daga fursunoni, Titan kuma ya kawo tafintoci. Rahoton da Manjo Janar Antonio Taguba ya rubuta a 2004 ya ambaci wasu daga cikinsu, ya ce suna da hannu a abin da ya faru. Duk da haka babu ko ɗaya da aka gurfanar a kotun laifi kan Abu Ghraib. Soja ya tafi gidan yari, ɗan kwangila ya hau jirgi ya koma gida.

Yaya aka yi haka? Ba haɗari ba ne, ƙofofi uku aka toshe. Ta farko, kotun Iraƙi ba ta da iko a kansu, domin Paul Bremer, wanda Amurka ta ɗora kan mulkin ƙasar, ya sa hannu a Doka ta 17 da ta kare 'yan kwangila daga shari'ar Iraƙi, kuma kariyar ba ta kau ba sai farkon 2009. Ta biyu, kotun soja ba ta kama su a lokacin, tunda ba sojoji ba ne. Ta uku, dokar Amurka ta 2000 da ke hukunta farar hula a ƙetare ta shafi masu yi wa ma'aikatar tsaro aiki ne, alhali kwangilar CACI ta bi ta wata ma'aikata daban, mai kula da filaye da gandun daji, a ƙarƙashin takardar aikin kwamfuta. Sai daga baya aka gyara dokokin, bayan aikin gama ya gama.

Da hukuma ta ƙi motsi, sai waɗanda aka zalunta suka shigar da ƙarar neman diyya da kansu. Ƙarar farko, ta 2004, kotun ɗaukaka ƙara ta kore ta a 2009. A 2012 kamfanin da ya gaji Titan ya biya dala miliyan 5.28 ga tsofaffin fursunoni 71 don a kashe maganar ba tare da shari'a ba. Wasu kuma suka kai CACI ƙara a 2008, aka yi ta kai-kawo shekara 16, kamfanin na neman a kori ƙarar, su kuma sun ƙi gajiya. A watan Nuwamban 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Bajiniya suka ce kamfanin ya biya dala miliyan 42 ga mutum uku: Suhail Al Shimari, shugaban makaranta, da Asa'ad Zuba'e, mai sayar da 'ya'yan itace, da Salah Al-Ejaili, ɗan jarida. Kamfanin bai yarda ba, ya ɗaukaka ƙara.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hujjar da kamfanin ya kafa. Cewa ya yi ma'aikatansa ba su taɓa waɗannan mutum uku da hannunsu ba, kuma ko da sun yi wani laifi, ai aron su ya ba soja, saboda haka sojan ne ke da alhaki. Masu ƙara kuwa suka ce ma'aikatan kamfanin ne ke umartar sojoji masu gadi su gasa wa fursunoni aya a hannu kafin a zo yi musu tambayoyi, kuma wannan ɓangaren kotu ta gaskata.

Jama'a, duk wanda ya tashi a kasuwa ya san amsar wannan hujja. Idan maigida ya tura yaronsa aiki a shagon wani, shi ya zaɓo yaron, shi ke biyansa, shi ke karɓar kuɗin aikin a ƙarshen wata, to ranar da yaron ya yi ɓarna babu dattijon da zai saurari "ai aro na ba da shi". Ranar riba yaronka ne, ranar asara kuma na wani? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wani zai ce ai gwamnatin da ta kawo yaƙin ita ce babbar mai laifi, me ya sa za a matsa wa kamfani? Gaskiya ne, kuma ban wanke ta ba. Donald Rumsfeld, sakataren tsaro na lokacin, ya yi maganar biyan diyya a gaban majalisa a 2004, amma a 2023 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ba ta ga shaidar an biya ba. Sai dai laifin ɗaya ba ya goge na ɗayan. Wannan nuna wa juna yatsa shi ne ma amfanin tsarin gaba ɗaya: gwamnati ta ce ba sojanta ba ne, kamfani ya ce ba umarninsa ba ne, fursuna ya rasa ƙofar da zai buga.

Kuma kada kuɗin ya ruɗe mu. CACI ya yi cinikin sama da dala biliyan 7 a 2024, ke nan miliyan 42 ba ta wuce cinikin kwana biyu ba. Ɗan kasuwa ya san tarar da ba ta taɓa uwar kuɗi ba, cikin kuɗin ɗawainiya ake lissafa ta. Ɗauri ne ke tsorata mutum. An ɗan gwada hakan da David Passaro, ɗan kwangilar CIA da aka samu da laifi a 2006 kan dukan wani fursuna a Afganistan wanda ya mutu a tsare. Amma ma'aikatan Blackwater huɗu da aka ɗaure kan kisan fararen hula a dandalin Nisour na Bagadaza a 2007, Donald Trump ya yafe musu a Disamban 2020.

Kada mu ɗauka wannan labarin nesa ne. A 2015 Najeriya ta ɗauko wani kamfanin Afirka ta Kudu don yaƙar Boko Haram, Mali kuma ta yi aiki da sojojin hayar Wagner na Rasha daga ƙarshen 2021. Idan irin waɗannan suka tsare ɗan'uwanka, wace kotu za ka nufa? Mutanen Iraƙi sun samu lauyoyi da suka tsaya musu shekara 16, talakan ƙauye fa?

A ganina, kafin kowace gwamnati ta sa hannu a irin wannan kwangila, a rubuta ƙarara kotun da za ta hukunta ma'aikacin da ya yi laifi, a kuma bayyana wa jama'a. Tsare fursuna da yi masa tambayoyi kuwa bai kamata a ba ɗan kwangila ba sam. Mutumin da aka ɗaure wa hannu ba shi da mai kare shi sai doka, bai dace a miƙa shi ga wanda doka ba ta iya kamawa ba.

Allah Ya tsare mu da zalunci, Ya kuma tsare mu daga zaluntar wasu.