Injiniya Habibie: Baƙon Da Bai Bar Iyali A Baya Ba

Ran 11 ga watan Satumba 2019 Allah ya yi wa Injiniya Bacharuddin Jusuf Habibie rasuwa a Jakarta, babban birnin ƙasar Indonesiya, yana da shekara 83 a duniya. Jaridun duniya sun fi tunawa da shi a kan ya yi shugabancin ƙasarsa daga Mayu 1998 zuwa Oktoba 1999. Amma ga wanda ya bar garinsu ya ke neman abinci a Agege ko Sabon Ibadan, wata goma sha bakwai na mulki ba su ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne shekara kusan ashirin da mutumin ya yi yana baƙunci a Jamus ta Yamma.

An haife shi a garin Parepare cikin tsibirin Sulawesi a 1936. Yana ɗan shekara 14 mahaifinsa ya faɗi ya rasu a tsakiyar salla. Mahaifiyarsa ce ta ɗauki nauyin karatunsa, har ta tura shi birnin Aachen a 1955 don ya koyi ƙera jirgin sama. Ya sami digirin dakta a 1965, ya kama aiki a kamfanin jiragen sama da ke Hamburg, ya yi ta hawa har ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugaban kamfanin Messerschmitt-Bölkow-Blohm. Gwanintarsa kuwa ita ce lissafin yadda 'yar tsaga ke farawa a jikin ƙarfen jirgi, da saurin da ta ke yi kafin ta kai ga karya fiffike.

To, a 1962 ya zo gida hutu ya auri Hasri Ainun, wadda likita ce. Bai bar ta wajen iyaye ya ce sai ya tara abin duniya ba. Ya tafi da ita can, suka kama ɗan gida a wani ƙauye bayan Aachen, albashi bai taka kara ya karya ba. Shi yana ƙarin aiki a wani kamfanin ƙera taragon jirgin ƙasa, yakan kuma taka da ƙafa don ya rage kuɗin mota. Ita kuwa ta jingine aikin asibiti ta rungumi renon 'ya'yansu biyu, Ilham da Thareq. Wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, kuma duk mai yabon mijin ya manta da matar bai yi adalci ba.

Sanin kowa ne akwai magidanta a Kudu da ke shekara biyu ko uku ba su leƙa iyali ba, sai dai aike ta hannun direban babbar mota. Wani kuɗin haya ne ya fi ƙarfinsa, wannan ba a ga laifinsa. Amma wani yana da halin ɗaki biyu, sabo ne kawai ya yi da zaman gwauranci, yara kuwa suna tashi ba su san muryar ubansu ba. Haka nan akwai masu cire yaro daga makaranta su sa shi tiredar goro, wai kada boko ya raba shi da salla. Habibie ya zauna cikin Turawa tun yana saurayi, bai bar salla ba, an kuma san shi da azumin Litinin da Alhamis har tsufansa. A 1990 shi aka zaɓa shugaban ƙungiyar Musulmi masana ta ƙasarsu.

Ba a ce ba shi da abin suka ba. Da Shugaba Suharto ya kira shi gida a 1974, ya zama ɗan gaban goshi, ya riƙe ministan bincike da fasaha shekara ashirin. Masana'antar jirgin sama da ya kafa a Bandung ta ci kuɗi ƙwarai, har da waɗanda aka ware don sake dasa itatuwa a dazuzzuka. Jirginsa N-250 ya tashi ran 10 ga Agusta 1995, amma matsin tattalin arziki na 1997 ya kashe aikin tun ba a fara sayarwa ba. Sai dai da mulki ya faɗo hannunsa ya saki fursunonin siyasa, ya sakar wa jaridu mara, kuma da majalisa ta ƙi amincewa da bayanin aikinsa sai ya janye daga takara ba tare da rigima ba.

Ainun ta rasu a wani asibitin Munich a watan Mayu 2010 bayan fama da ciwon daji, yana gefenta makonni bai matsa ba. Baƙin ciki ya kusa kwantar da shi, sai likitoci suka ba shi shawara ya rubuta tarihin zamansu na shekara 48, ya kuwa rubuta. Ya riƙa ziyartar kabarinta a maƙabartar Kalibata kusan kowace Juma'a yana yi mata addu'a, kuma a gefenta aka binne shi.