An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk lokacin da wata masifa ta sauko wa ƙasar nan, ko aka tashi maganar gyaran tarbiyya, waɗanda akan fara nuna wa yatsa su ne matan nan da ake kira karuwai, ko kuma, idan ana son sakaya zance, mata masu zaman kansu. A shekarun fari na 1970 an sha ba su wa'adi a garuruwan Arewa, a ce kowace ta yi aure ko ta bar gari, don a samu ruwan sama. Da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 1999, sauran jihohi suka biyo baya, nan ma gidajensu aka fara rufewa. Amma ga shi har yanzu, in an kore su daga wannan unguwa sai su ɓullo a waccan, in tsofaffi sun tafi sai yara ƙanana su maye gurbinsu. Ruwa ba ya tsami banza. Ya kamata mu da Allah ya ba dama muka yi karatu mu tsaya mu tambayi kanmu: daga ina waɗannan yara suke fitowa, kuma wace hanya suka bi har suka iso ƙofar magajiya?

Masana sun daɗe da bin diddigin wannan al'amari. Abner Cohen ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, Renée Pittin kuma ta zauna da matan birnin Katsina a farkon shekarun 1970. Abin da bincike irin nasu ya nuna, duk wanda ya san gari ya san shi: mafi yawan matan nan sun taɓa aure tun suna ƙanana, galibinsu baƙi ne a garin da suke zaune, kuma da yawansu sukan koma ɗakin miji da zarar sun samu wanda hankalinsu ya kwanta da shi. Ashe ke nan macen da muke gani a bariki tana da tarihi, kuma an rubuta mafi yawan tarihin nan tun kafin ta mallaki hankalin kanta.

Babin farko shi ne faifan talla. Uwa tana cikin kulle, abin da miji ke kawowa bai isa ba, ga kuma nauyin kayan ɗaki da gara da al'ada ta ɗora mata ranar da za a aurar da 'yarta. Sai ta soya ƙosai, ko ta dama fura, ko ta yi ƙuli-ƙuli, ta ɗora wa yarinya 'yar shekara 7 ko 8 a ka. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara kacokan a kan ƙafafun waɗannan yara. Ba mu ga laifin uwa ba, domin ita ma neman rufin asiri take yi. Amma mu dubi inda tallan ke kai yarinya: tashar mota, gareji, wurin masu gini, majalisar samari da dare. Tana tsoron komawa gida da kwantai, domin ta san abin da ke jiranta. Ranar da wani ƙato ya ce zai saye faifan duka idan ta biyo shi cikin shago, a ranar ce aka koya mata darasin da ba ta nema ba, wato cewa jikinta ma yana da farashi. In abin ya faru, iyaye sukan rufe maganar don gudun abin kunya, mai laifi kuwa ya ci gaba da zamansa a majalisa ana gaishe shi.

Yarinyar da ke talla da safe ba ta aji. An buɗe shirin ilmin firamare kyauta a 1976, an sake yin doka a 2004 wadda ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, amma a ƙauyukanmu da yawa 'ya mace ita ce ta ƙarshen shiga, ita ce ta farkon fita. Ko makarantar allo ma, sau da yawa ba ta wuce 'yan surorin salla ba ake cire ta. Shehu Usman ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru don kai ilmi ga matan karkara. Sama da shekara 200 bayan jihadi, muna nan muna sakin yarinya cikin duniya ba ta iya karanta takardar sakinta ba.

Sai babi mafi nauyi, wato auren dole. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na matan Najeriya an aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma a Arewa abin ya fi haka nesa. A Jamhuriyar Nijar kuwa adadin ya kai kusan kashi 76. Ba kowane auren wuri ne na dole ba, amma inda aka haɗa ƙuruciya da tilas, to an haƙa rami. Uba ya ci bashi, ko ya yi wa aboki alkawari, ko yana jin nauyin mai gari, sai ya ba da 'yar shekara 13 ga sa'an kakanta. Ta yi yaji ta dawo gida, a yi biko a mayar da ita. Ta sake gudowa, a yi mata duka a mayar da ita. A karo na uku uban ya rantse cewa in ta ƙara taka masa gida zai tsine mata, ko ya saki uwarta. In ta je gaban alƙali neman hul'i, sai a ce ta mayar da sadaki, alhali kuɗin ba su taɓa shiga hannunta ba. Gidan miji ya zama kurkuku, gidan uba an rufe, kotu tana neman kuɗi. Ƙofa ɗaya ce ta rage a buɗe, ita ce ta tashar mota.

Masu kare wannan al'ada sukan fake da ikon da mazhabar Malikiyya ta ba uba a kan 'yarsa budurwa. Sai dai malamai sun gindaya cewa ikon nan don maslahar yarinya aka ba da shi, ba don biyan bashin uba ba, kuma cutarwa tana kawar da shi. Yana nan a cikin Buhari cewa Hansa'u 'yar Hizamu ta kai ƙara ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan auren da ubanta ya ɗaura mata ba da sonta ba, ya kuwa warware auren. Matanmu ma ba su yi shiru ba. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka aurar tana da shekara 13, ta yi rayuwarta tana yaƙi da auren ƙanana har ta rasu a 2001. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita ma aka cire daga makaranta aka aurar da ita da ƙuruciya, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan wannan ciwo.

Wadda ta daure ta zauna ma ba ta tsira ba. In ciki ya zo kafin ƙugu ya yi ƙwari, naƙuda ta yi kwana biyu ko uku babu asibiti kusa, sai jariri ya mutu, uwa ta tashi da yoyon fitsari. Duk wanda ya san asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ya yi shekaru yana yi wa dubban mata aiki, ya san cewa da yawansu takardar saki kan riga su isa gida. Ga kuma saki na ganin dama, a kori yarinya ba abincin idda, a ƙwace 'ya'yanta da zarar an yaye su, ko da yake shari'a uwa ta ba haƙƙin reno. Sai ka ga bazawara 'yar shekara 17 ta koma gidan da kishiyar uwa ke auna mata tuwo da gori. Haka marainiya da agola, da wadda aka ba riƙo, da wadda dillaliya ta kai birni aikatau ana karɓe albashinta a ƙauye: duk tafiyarsu ɗaya, ba su da wanda zai tsaya musu. Yaƙi kuma ya ƙara yawansu. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton mata da 'yan mata 43 a sansanonin gudun hijira na Maiduguri waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka yaudare su da abinci da alkawarin aure, kuma cikin waɗanda aka zarga har da masu tsaron sansanonin.

To, yarinya ta sauka a tashar garin da ba ta san kowa ba, da ƙullin zane a hannu, magariba ta yi. Ɗan kamasho ko kawali ya gane ta tun daga nesa, ya raka ta gidan magajiya. Magajiya ta ba ta ɗaki, ta ba ta tuwo, ta ara mata zane da man shafawa, ba ta tambaye ta laifin da ta yi ba. Abin takaici shi ne, wannan ce tarba mafi kyau da yarinyar ta taɓa samu a rayuwarta. Bayan mako guda sai a karanto mata bashin ɗaki da na zane, a nuna mata hanyar biya.

Za a ce mana, ai talakawa da yawa sun sha wannan wuya ba su lalace ba, kuma kowane baligi shi ke ɗauke da alhakin kansa. Gaskiya ne, kuma ba mu ce karuwanci halal ne ko abin ado ba; hanya ce mai cike da cuta da wulaƙanci da tsufa ba mataimaki. Amma waɗanda suka tsira, in ka bincika, za ka tarar akwai wata gwaggo da ta buɗe ƙofa, ko wani kawu da ya biya sadakin, ko wata malama da ta hana a cire ta daga aji. Sa'an nan cinikin nan na mutum biyu ne. Kuɗin da ke shiga gidan magajiya a ƙarshen wata daga aljihun direba da ɗan kasuwa da ma'aikaci da ɗalibi suke fitowa, amma ranar kame mace kaɗai ake jefawa a mota. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Auren zawarawa da Hukumar Hisba ta Kano ta fara a 2012 ya share wa wasu hawaye, ba mu raina shi ba. Amma a ɗauki macen da aure ya kora, ba ilmi ba sana'a, a sake mayar da ita ɗaki haka nan, kamar a zuba ruwa ne a tulu mai huda. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma sai da ta yi shekara 20 kafin Kano ta sa hannu a kan tata a 2023, kuma doka a takarda ba ta taɓa sauke faifai daga kan yarinya ba sai an samu mai aiki da ita.

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, masu aikin nan mu ne. Daga cikinmu za a samu malamin da zai lura cewa wance ta daina zuwa aji ya bi sawu har gida, da alƙalin da zai binciki cutarwa kafin ya nemi a mayar da sadaki, ya kuma tilasta wa miji ciyar da 'ya'yansa, da jami'in jin daɗin jama'a da zai sa a samu ɗaki mai aminci kusa da kowace babbar tasha, domin hukuma ta riga kawali isa ga yarinya. Kafin wannan duka, kowannenmu yana da ƙanwa ko 'yar kawu a gida. Wanda ke karɓar albashi, ya ɗauke wa uwa nauyin kayan ɗaki don a sauke faifan. Wanda ake jin maganarsa a zaure, ya yi ta cikin ladabi ranar da ake shirin ba da yarinya tana kuka. Wanda ƙanwarsa ta yi yaji, ya saurare ta kafin ya ɗauko bulala.

Allah ya shirya waɗanda suka faɗa, ya kare waɗanda ke bakin rami, ya ba mu ikon tsaya musu, amin.