Abokin Hamayyar da Ke Zaune a Kwanar Gafan

A watan Maris na 2016 aka kunna injinan masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, a tsakiyar filayen noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, waɗanda manoman Madobi ke maƙwabtaka da su. An tsara ta niƙa tan 1,200 na ɗanyen tumatir kowace rana. Duk wanda ya dubi taswira zai ce wurin ya dace: ga ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, yana gangarowa ta magudanai; ga manoman da suka gaji noman tumatir; ga titin Kano zuwa Zariya a bakin ƙofa. Amma ba a yi nisa ba injinan suka tsaya. Sai a 2019 aka sake tayar da su, kuma tun daga nan aikin ya zama na yau a buɗe, gobe a rufe, ba tare da an taɓa kusantar ƙarfin da aka gina ta a kai ba.

Bayanin da aka fi ji shi ne na tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, da ta cinye gonaki a 2016. Gaskiya ne ta yi ɓarna. Sai dai annoba tana zuwa ta wuce, ita kuwa matsalar Kadawa ta zauna. A ganina asalinta yana cikin amsar da aka bayar ga tambayar farko da kowane tsarin kasuwanci ke fuskanta, wato da wa ake takara.

Amsar da kowa ya bayar a lokacin ita ce da tumatirin gwangwani da na leda da ake haɗawa daga markaɗen Sin. Gwamnati ma a nan ta tsaya. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa tumatir cikin kaya 41 da ya hana wa dalar gwamnati, a 2017 kuma aka ɗaga harajin shigo da markaɗen zuwa kashi 50 cikin ɗari, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan. An gina katanga mai tsayi a gefen sayarwa. Gefen saye, inda masana'antar ke neman abin da za ta zuba wa injin, an bar shi a buɗe.

Can kuwa akwai wanda ya riga kowa zama. Kasuwar Kwanar Gafan ba ta da nisa da Kadawa, kuma daga cikinta ake loda kwanduna a manyan motoci zuwa Mile 12 ta Legas da sauran kasuwannin kudu. Dillalin wannan kasuwa ba shi da injin da zai kula da shi, ba shi da ma'aikatan da zai biya albashi a watannin da babu kaya. Farashinsa yana sauyawa tsakanin safiya da la'asar, kuma kuɗinsa a hannu yake. Sau da yawa shi ne ya ranta wa manomi kuɗin taki tun farkon shuka, shi ne kuma ya zo gaisuwar rasuwa. Masana'anta tana buƙatar farashi tsayayye domin ta yi lissafinta, tunda ana cin kimanin kilo shida na ɗanye kafin a samu kilo ɗaya na kakkauran markaɗe, kuma dole wannan kilo ya yi gogayya da farashin duniya. Saboda haka akwai iyakar da ba za ta iya wucewa ba, dillali kuwa iyakarsa ita ce abin da uwargida a Legas za ta yarda ta biya a ranar.

Sakamakon a fili yake. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da kaya suka yi ambaliya har kwando ya kusa fin abin da ke cikinsa daraja, manomi zai so ya kai wa kamfani. Da zafi ya kunno kai, kaya suka ja baya, sai ya juya zuwa Gafan. Idan duka biyun ba su yi masa ba, yana iya yankawa ya shanya ya yi kauɗa, ya jira damina. Masu ofis suna kiran wannan saɓa alkawari, ni kuwa ban ga laifin mutumin da ke da rabin kadada da iyali goma ba idan ya bi wanda ya fi biya. Lissafinsa ya fi na masu tsarin daidai.

Tun a 1979 Michael Porter na Jami'ar Harvard ya nuna cewa takara ba ta tsaya ga masu sayar da kaya irin naka ba. Ƙarfin masu kawo maka kaya yana cikin abubuwa biyar da ke tantance ribar kowace sana'a. Ɗalibanmu na nazarin kasuwanci a Bayero da Ahmadu Bello sun haddace wannan jeri. Abin da ke ɓata lissafi shi ne ɗaukar ƙaramin manomi a matsayin marar ƙarfi domin shi kaɗai ba ya iya ja da kamfani. Ƙarfinsa yana cikin samun wata ƙofar da zai fita, kuma a wannan yanki ƙofofin suna da yawa. Har ƙasar da yake nomawa ana takara a kanta: Kura cibiyar shinkafa ce, ga alkama, ga albasa, ga masara, kuma bayan da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers ya fara a Kebbi a ƙarshen 2015, shinkafa ta ƙara jan hankali. Ita tana jure ajiya a buhu, tumatir kuwa kwana kaɗan yake yi ya ruɓe.

Sai batun yabanya. A Kalifoniya kadada ɗaya tana ba da fiye da tan 100 na tumatirin masana'anta. Matsakaicin abin da ake samu a Najeriya bai kai tan 10 ba. Ko da an ɗauka goman ne, injin Kadawa zai lashe amfanin kadada 120 kowace rana. Manomin da ke samun tan 10 ba zai iya sayarwa da arha ya ci riba ba, wanda ke samun 40 zai iya. A nan kaɗai buƙatar kamfani da ta manomi ke haɗuwa, kuma nan ya kamata kuɗin farko ya tafi kafin a sayo ƙarfe. Kamfanin Dangote ya kafa wurin renon dashe a Kadawa daga baya, mataki mai kyau da ya zo bayan injin ya riga ya sha zama. Kamfanin Tomato Jos, wanda Mira Mehta ta kafa a 2014, ya bi ta ɗaya hanyar: ya shafe shekaru yana noma da horar da manoma a Kangimi ta Jihar Kaduna kafin ya gina masana'anta, kuma ƙarama.

Wani zai ce duk wannan ba zai hana manomi gudu zuwa kasuwa ba idan farashi ya tashi. Haka ne, kuma shi ya sa kwantiragi mai farashi ɗaya tilo na tsawon kaka bai dace da wannan kaya ba. Wanda zai sake gwada sa'arsa tsakanin Madobi da Bunkure yana buƙatar gonar kansa da za ta riƙe injin a makonnin ƙaranci, da yarjejeniyar da ke da farashin ƙasa wanda ba a sauka daga kansa, sannan ta riƙa hawa tare da kasuwa, da kuma biyan kuɗi a ranar da aka auna kaya. Katangar gwamnati ma ba abin jingina ba ce, domin a Oktoban 2023 Babban Bankin ya janye takunkumin dalar nan da sanarwa guda. Dillalan Gafan kuwa suna nan suna loda motocin Legas kamar yadda suke yi tun kafin a aza tubalin farko a Kadawa.