Kafaɗar da ta goce, a duba damƙar hannu

Kafaɗar ƙanena ta dama ta goce a fagen kokawa a Kibiya, bayan an gama yankan dawa. Mai ɗori ya mayar da ita a daren, aka ɗaure. Da raɗaɗi ya lafa, kowa ya ce Allah ya kawo sauƙi. Ni kuwa shakka ta kama ni ranar da muka yi musabaha. Hannun da a da yake matse nawa har sai na yi ƙara, ya koma sakwa-sakwa kamar na mai zazzaɓi. Ba a rufa wata biyu ba, yana ɗora dami a ka, kafaɗar ta sake fita.

Kan ƙashin dantse yana zaune ne a gurbi marar zurfi, wasu ƙananan tsokoki huɗu ke tallafe da shi. Duk sa'ad da ka damƙi ƙotar fartanya ko igiyar guga, su ma sai sun ɗaure don hannu ya sami madogara. In sun yi rauni, sau da yawa damƙa ma takan ragu. Masu gashin ƙashi har na'ura gare su da ake matsawa, a gwada hannu mai ciwo da mai lafiya. Amma kada a ruɗe: ƙato na iya murƙushe gyaɗa da yatsu alhali kafaɗarsa na lilo, musamman in laɓɓan gurbin sun yage. Kuma kafaɗar matasa ce ta fi sake fita bayan gocewar farko.

Ba na raina masu ɗori. A ƙauyukan Rano da Kibiya su ne kusa, su ake tasa cikin dare. Inda nake ja da su, da mu 'yan uwan majinyaci, shi ne ɗaukar mayar da ƙashi a matsayin ƙarshen magani, alhali tsoka na bukatar makonni ana horar da ita.

Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, Jami'ar Bayero kuma tana yaye masu gashin ƙashi. Roƙona ga ma'aikatar lafiya ta Kano, ta yawaita su a asibitocin kudancin jihar. Kai kuma mai ɗori, in ka mayar da kafaɗa, ka sa yaron ya matse hannunka da dama da hagu bayan an kwance ɗauri. In ka ji bambanci, ka tura shi asibiti kafin ya koma fage.